Igiyar da Ba Ta Cikin Akwati

A daminar da soja suka koma bariki, ta alif ɗari tara da casa'in da tara, duk wanda ya shigo Kambarawa yana cigiyar gidan Malam Sammani malamin dabbobi, ba a yi masa dogon kwatance. Cewa ake ya bi sawun taya. Sammani yana aiki da wani shiri na rigakafin shanu da ke da ofis a Ƙofar Kaura, kuma shirin ya ba shi wani irin babur mai ƙafa huɗu, gajere, mai faɗaɗan tayoyi, wanda yake ratsa yashi da kunyoyin gona ya kai shi rugagen da mota ba ta zuwa. Mutanen unguwa suka sa masa suna kwaɗo. Idan Sammani zai yi sammako, a zauren gidansa kwaɗon yake kwana.

A bayan babur ɗin akwai akwatin ƙarfe, kuma wannan akwati shi ne abin da matarsa Haulat ta fi sani a cikin aikin mijinta, don a gabanta ake shirya shi. Ranar jajiberin tafiya, da zarar ya dawo la'asar, sai ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zazzage komai, ya riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana dubawa yana mayarwa. Famfon ba taya iska, da faci da gam. Sifana uku, filaya, sukundireba, da filogi sabo a cikin kwalinsa. Guntun shebur. Tocila, da ashana a ƙulle cikin leda. Wani gwangwani mai bandeji da auduga da aidin. Rigar ruwa, wuƙa, ƙullin dabino da ƙuli-ƙuli. Galan na fetur da jarkar ruwan sha ba sa shiga akwati, a gefe ake ɗaure su, kular allurai kuwa tana gaba. Daga can ƙasa, a nannaɗe, akwai wata shuɗiyar igiya mai kauri, doguwa, da ƙugiyar ƙarfe a bakinta, wadda aka tanada don ja idan babur ya kafe.

Tun farkon zuwan kwaɗon Sammani ya gaya mata cewa babu abin da yake ado a cikin akwatin nan. Ya ce a daji ba kanti, ba bakanike, wanda ya manta filogi sai ya taka da ƙafa. Sau ɗaya ta taɓa ɗaukar tocilar lokacin da aka ɗauke wuta, ta mayar da ita batir ya yi sanyi. Bai yi faɗa ba, don ba mai faɗa ba ne. Ya dai zaunar da ita ya roƙe ta, da girman Allah, duk abin da take so a gidan ta ɗauka, amma ta bar masa akwatin nan yadda ya bar shi. Ta yi masa alkawari.

Ranar wata Talata ya gama shirinsa, zai tafi rugagen yamma da gari, wajen hanyar Batsari. Ya rufe akwati ya ce mata zai leƙa Ƙofar Sauri ya gaishe da mahaifiyarsa, sai bayan magariba zai dawo. Bai daɗe da fita ba ta je rijiya. Kwana goma sha ɗaya ke nan famfo bai kawo ruwa ba, duk da alkawuran da aka sha yi lokacin neman ƙuri'a, saboda haka rijiyar tsakar gida ce komai nasu. Ta zura guga, ya cika, ta fara ja, sai igiyar kabar da ta daɗe tana saɓulewa ta tsinke. Ta ji faɗuwar gugan a can ƙasa.

Ga tulin wanki na 'yarsu Nafisa, wadda ta wuni tana gudawa, ga randa ta kusa ƙafewa. Haulat ta aika maƙwabta aron ƙugiya, aka ce ƙugiyar tana wani gida, mutanen gidan kuma sun yi tafiya. Ta tsaya a bakin rijiya da guntun igiya a hannu, sai zuciyarta ta kai ta zaure. Ta san inda shuɗiyar igiyar take, ta san tana da ƙugiya. Ta ce a ranta minti nawa ne, kafin ya dawo ta mayar.

Ba ta sha wahala ba. A zurawa ta uku ƙugiyar ta kama mariƙin gugan, ta jawo shi. Ta ma yi amfani da igiyar ta cika randa da bokitai. Sai dai igiyar ta jiƙe sharkaf, ta kwaso laka, kuma idan ta mayar da ita haka cikin akwati zai gane. Ta wanke ta, ta rataye a bayan ɗakin girki inda ido ba ya kaiwa, da niyyar da asuba, idan ya tafi masallaci, ta nannaɗe ta mayar.

Da asuba Nafisa ta tashi da zazzaɓi da kuka. Haulat ta goya ta, ta sauke, ta shafa mata ruwa, ta dama wa Sammani koko, ta zuba masa ƙosai a leda. Ya dafa goshin yarinyar, ya bar kuɗin kemis, ya sa hular kwano. Ta raka shi har zaure tana yi masa addu'ar sauka lafiya, hannunta ma ya taɓa murfin akwatin. Igiyar ba ta faɗo mata a rai ba sai da hantsi, lokacin da ta zagaya ɗauko itace ta gan ta a rataye, ta bushe sarai.

Babu yadda za a cim masa, don daga gida ya wuce daji kai tsaye. Ta lallashi kanta da cewa shekara guda da rabi yana hawan kwaɗon nan ba ta taɓa jin ya ce ya ciro igiyar ba. Ta nannaɗe ta, ta cusa a wani tsohon buhu, ta tura ƙarƙashin itace. Da azahar ta ga hadari ya haɗu ta yamma baƙi ƙirin, ta shiga ɗaki ta yi ta jan carbi.

Kwana biyu ya ce zai yi. Sai ga shi a ranar, gab da magariba, a ƙafa, laka har ƙirji, ga jini ya bushe a hannun rigarsa. Kafin ta buɗe baki ya ce mata jinin ba nasa ba ne. Ta kawo ruwa, ya sha, ya zauna a kan turmi ya ba ta labari da murya ƙasa-ƙasa.

An yi ruwa a can tun daren jiya. Akwai wata ƙorama kafin rugar Baffa Yero, dattijon da yake sauke shi duk lokacin da ya je yankin. Sammani ya sha tsallake ta, amma yau da ya shiga, gaɓar ta zabtare, tayoyin baya suka nutse a taɓo, babur ya karkace. Baffa Yero ya zo da mutanensa da bijimai biyu na noma, ya ce a ɗaura igiya su fisge shi, aikin ɗan lokaci ne. Sammani ya buɗe akwati bai ga igiya ba. Suka haɗa igiyoyin ɗaure maruƙa, suka tsinke sau biyu. Ruwa kuma yana ƙaruwa, ga allurai a cikin kula. Sai suka shiga su biyar don su ɗaga da hannu, Baffa Yero ya kama ta ɓangaren gangare. Suna cikin ɗagawa babur ya zame ya kwanta a kan ƙafarsa.

Ƙwaurin ya karye gida biyu, ƙashi ya huda fata. Sammani ya wanke raunin da ruwan jarka, ya zuba aidin, ya cire ƙotar shebur ya haɗa da sanda ya ɗaure ƙafar da bandeji. Aka ɗauko dattijon a amalanke zuwa titi, daga nan suka sami motar itace zuwa asibiti. Likita ya ce ɗaurin ya taimaka, in ba haka ba da wata maganar ake yi.

"Abin da ya ɗaure mini kai, Maman Nafisa," in ji shi, "na ga igiyar nan jiya. Da hannuna na sa ta. Ko kuwa ban sa ba?"

Haulat ta yi niyyar faɗa masa gaskiya. Ta dubi jinin da ke rigarsa, ta tuna alkawarin tocila, sai ta ji bakinta yana cewa Allah ya kiyaye gaba, ya tashi ya yi wanka ruwa na hucewa.

Kashegari Goggo Fatu, matar Baffa Yero, ta iso gari. Ba ta da kowa kusa da asibiti, Sammani ya ce ba inda za ta sauka sai gidansa. Haulat ta share mata ɗakin baƙi. Doguwar mace ce siririya, ba ta da yawan magana, ta zo da ƙwarya ɗaya da zane biyu da man shanu a kwalba, wanda ta miƙa wa Haulat da hannu biyu tana ba da haƙurin ƙanƙantarsa. Tun daga ranar take kiran ta ɗiyata.

Haulat ta ɗauki hidimar asibiti kamar wadda aka yi wa wahayi. Da safe kunun gyaɗa, da rana tuwo da miyar kuɓewa, ranar Juma'a farfesun ƙafar sa, don an ce yana haɗa ƙashi. Ta sayar da kajinta uku ba tare da Sammani ya tambaya ba. Maƙwabta suna ta yaba mata, suna cewa ko 'yar cikinsa iyakar abin da za ta yi ke nan. Kowane yabo sai ta ji shi kamar an ɗora mata dutse a ƙirji. Ita kanta ba ta taɓa zuwa asibitin ba. Kullum akwai dalili, ko jikin Nafisa, ko girki a kan wuta.

Da yamma idan Goggo Fatu ta dawo, sukan zauna a tsakar gida suna tsinke zogale. Wata rana, ba tare da an tambaye ta ba, ta ba da labarin abin da ta gani daga bakin gaɓa. Ta ce ba ta taɓa ganin namiji ya ruɗe irin yadda Malam ya ruɗe ba. Sau uku yana zazzage akwatin nan a kan ciyawa, yana ɗaga kowane abu yana leƙa ƙarƙashinsa, har rigar ruwa sai da ya kakkaɓe, kamar igiya mai kaurin nan za ta ɓuya a aljihu. Ta ce ita tausayinsa ma ta fi ji, don mantuwa ba wanda ta bari. Haulat ta ce hayaƙi ya shiga idonta, ta tashi ta shige ɗakin girki, alhali ba a hura wuta ba.

A ofis kuma abin bai tsaya nan ba. Sabuwar gwamnati ta naɗa wa shirin sabon shugaba, ya zo da zafinsa yana bin diddigin duk abin da aka gada. Aka ba Sammani takardar neman ba'asi. Wasu abokan aiki suka ba shi shawara ya ce tun daga sito ba a ba shi igiya ba, tunda mai kula da siton, Malam Mamman, tsoho ne da ya kusa ritaya, ba abin da zai rasa. Sammani ya ƙi. Ya rubuta cewa an ba shi igiya, a hannunsa ta salwanta. Aka karɓe makullin kwaɗo, wanda aka riga aka ciro daga ƙorama da tarakta, aka zaunar da shi a tebur sai abin da hali ya yi. Rigakafin rugagen yamma ya tsaya cak a tsakiyar damina.

Amma ba wannan ne ya fi damun Haulat ba. Abin da ya fi cin ta shi ne yadda mijinta ya daina yarda da kansa. Mutumin da bai taɓa neman makulli ba, yanzu sai ya fita ya dawo ya taɓa ƙofa ya ji ko ya kulle. Yakan tsaya a tsakiyar salla ya rasa raka'a nawa ya yi. Ran nan ya tambaye ta, yana ɗan murmushin da bai kai ciki ba, ko ta lura yana yawan mantuwa kwanan nan, don mahaifinsa ma da haka ya fara. Ya bincike ofis, ya bincike gidan mahaifiyarsa, har hanyar da ya bi ya sake bi a kan keke yana tambayar manoma ko sun tsinci shuɗiyar igiya.

A mako na uku ta yanke shawarar da ta fi ta farko muni. Ta ga cewa idan igiyar ta fito, ko ba komai zai daina nema, hankalinsa ya kwanta. Ranar Asabar da hantsi, bayan ya fita aski, Goggo Fatu kuma tana asibiti, ta ciro buhun daga ƙarƙashin itace, ta kai igiyar zaure ta jefa bayan wasu tsofaffin kwanukan rufi da ke jingine da bango, ta bar bakin ƙugiyar ya ɗan leƙo.

Ta ji shigowarsa, ta ji ya tsaya, ta ji ƙarar kwano. Daga nan shiru. Da shirun ya yi yawa ta leƙa. Yana zaune a ƙasa, igiyar a kan cinyarsa, yana shafa ta da tafin hannu.

"Ashe nan na bar ta," ya ce, bai ɗago ba. "Na ciro ta don in duba, na ajiye a gefe, ban mayar ba. Da ina cewa ko sace ta aka yi a hanya. To, yanzu na sani. Ni na karya bawan Allah nan."

Ya ce bari ya yi alwala ya tafi asibiti, gara Baffa ya ji daga bakinsa. Ya miƙe da ƙyar kamar wanda ya shekara sittin. Ya kai ƙofar tsakar gida ke nan Haulat ta durƙusa a inda take.

"Malam, ba kai ba ne. Ni na ɗauka."

Ta faɗa masa duka, ba ta rage ba: gugan, da ƙugiyar maƙwabta, da ratayewar bayan ɗakin girki, da buhun ƙarƙashin itace, da jefawar da ta yi ɗazu. Tana magana tana jiran ya daka mata tsawa, har ta fi son ya yi. Bai yi ba. Ya saurara har ta gama, sannan ya yi tambaya ɗaya, ya ce ranar da ya tambaye ta ko ta ga yana mantuwa, a lokacin igiyar tana ina? Ta ce tana ƙarƙashin itace. Ya gyaɗa kai, ya ajiye igiyar a kan dakali, ya sa takalmi ya fita.

Kwana biyu yana shigowa yana fita, yana amsa gaisuwa, yana cin abin da aka ajiye masa, amma idonsa bai haɗu da nata ba. A rana ta uku ta same shi yana karyawa, ta ce tana neman izini za ta je asibiti ta gaya wa Baffa da Goggo. Ya ce bai sa ta ba. Ta ce ta sani. Ya ce ɗaukar igiya kuskure ne, kowa na iya yi, shi abin da ya kasa haɗiyewa kwana ashirin ɗin nan ne da take kallon sa yana haukan nema. Ya kurɓi shayinsa, can ya ce ta shirya, zai kai ta.

Baffa Yero yana kwance a gadon ƙarshe kusa da taga, ƙafarsa cikin filasta tun daga cinya, an ɗaga ta sama. Ya rame, amma rawaninsa a naɗe tsaf. Goggo Fatu na zaune a tabarma a gefe. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Nafisa, ya tambayi ruwan sama a cikin gari, ya yi godiyar abinci har sai da Haulat ta ji kamar ƙasa ta tsage. Sannan ta durƙusa a gaban gadon, ta rufe rabin fuskarta da mayafi, ta faɗi abin da ya kawo ta. Masu jinya na gadon kusa suna saurare.

Dattijon ya tambaye ta ko gugan ya fito. Ta ce ya fito. Ya ce to madalla, ko ba komai igiyar ta yi wani aiki. Wani a gadon kusa ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Sannan ya juyo ya dube ta sosai.

"Ɗiyata, ni na zaɓi in kama ta gangare, ba wanda ya tura ni. Abin da Allah ya rubuta wa ƙafar nan ya same ta. Na yafe maki. Amma shi wannan," ya nuna Sammani da haɓa, "kullum sai ya zo nan ya zauna kamar wanda ya kashe rai. Shi za ki nema."

Goggo Fatu ta tattara kwanukan da aka kawo abinci ta miƙa wa Haulat, ba ta dube ta ba. A ranar ba ta koma Kambarawa ba, ta kwana a barandar asibiti tare da sauran masu jinya, kashegari ta aiko a karɓo mata ƙwaryarta da zannuwanta. Haulat ta ci gaba da aika abinci. Ana karɓa, ana dawo da kwano a wanke, ba saƙo.

Sai ranar da aka sallame su, bayan mako bakwai, Goggo Fatu ta biyo ta gidan yayin da mota ke jira a bakin layi. Ba ta zauna ba. Ta ɗauki Nafisa ta yi mata wasa, ta sauke. Ta ce ita ba ta iya ɓoye abu ba, shi ya sa ta ƙaurace. Ta ce ba karayar ce ta ɓata mata rai ba, zaman da suka yi ne suna tsinke ganye tare, tana buɗe mata cikinta, ita kuwa tana riƙe da abin da ta riƙe. Ta ce ta yafe, amma sai a hankali zuciya za ta bi baki. Haulat ta raka ta har mota, ta gaishe da Baffa ta taga, motar ta tashi.

Bayan kaka aka mayar wa Sammani makullin kwaɗo, don wanda aka ba a madadinsa ya kasa kai shi ko'ina. Gaskiyar magana ba ta taɓa zuwa ofis ba. Haulat ta ce ya gyara abin da ya rubuta, ya ce abin da ya rubuta daidai ne, a hannunsa igiya ta salwanta, gidansa ai hannunsa ne. Mantuwar da ya ɗora wa kansa ta bar shi sannu a hankali. Tsakaninsu ma ya warware, ko da yake ya ɗauki lokaci kafin hirar bayan cin abinci ta dawo yadda take, kuma akwai 'yan watannin da idan ta ce masa abu kaza ya faru, sai ta ga ya ɗan yi jim kafin ya amsa. Ba ta taɓa yi masa ƙorafi a kan wannan ba.

Ƙafar Baffa Yero ta haɗe, amma ta gajarce. A ranin shekarar bai bi shanu kudu ba, karo na farko tun yana saurayi. 'Ya'yansa suka tafi, shi ya zauna a ruga da tsofaffin shanu da maruƙa. Duk lokacin da Sammani ya dawo daga yamma, bayan ta karɓi hular kwano ta kawo ruwa, Haulat takan tambaye shi jikin Baffa. Shi kuma ba ya sassauta mata, ba ya kuma ƙarawa. Yakan ce yana nan lafiya, yana gaishe ta, yana ɗingishi, idan sanyi ya sauka ƙafar tana hana shi barci. Sai ta ce Allah ya ba shi sauƙi, ta tashi ta zubo abinci.